Ungulayen Bappa

Ina da shekara arba'in da shida na koma aji, kuma ba son karatu ne ya mayar da ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Shekara goma sha tara na yi a aikin gandun daji. Na kashe wutar daji da ɗanyen ganye, na ƙwace gatari a hannun masu gawayi, na san duk ɓarauniyar hanyar da motar itace ke bi in tana son kauce wa shinge. Amma duk lokacin da kujerar shugaban sashe ta faɗi, sai a ce ƙwarewa kam ina da ita, takarda ce ta rage. Mutum biyu da ni na koya musu bambanta maɗaci da ƙirya suka tsallake ni, na koma ina ce musu ranka ya daɗe. Da na hango na uku yana tafe, sai na je na sayi fom.

Kwas ne na digiri na biyu, an tsara shi don irinmu, waɗanda suka daɗe a aiki kuma suke son a damƙa musu jagorancin kare daji da namunsa. Juma'a da yamma da Asabar muke zama. Mu goma sha ɗaya ne, babu wanda furfura ba ta taɓa ba. Akwai tsofaffin masu gadin gandu, da wani malamin sakandare, da wani likitan dabbobi ɗan unguwar Wuro Hausa da muke kira Dakta, wanda ya zama abokin zamana a bencin baya. Ni daga unguwar Nassarawo a Jimeta nake tahowa, da kular abinci da maganin hawan jini a jaka.

A mako na uku farfesa ya shigo bai buɗe littafi ba. Ya ce, "Wa ya ga ungulu a bana? Da idonsa, ba a hoto ba."

Muka yi dariya, don kamar a ce wa ya ga akuya ne. Sai dariyar ta mutu da kanta. Fanka tana juyawa, kowa ya zuba wa silin ido. Ni na tashi a Jimeta lokacin da ungulu ke yawo a kasuwa kamar kajin gida. Mahaifiyata kifi take sayarwa, rabin aikinta korar su da kara. Suna jere a kan rufin mayanka, suna bin bayan mahauta da tafiyar nan tasu ta tsofaffi. Na zauna ina lalube a kaina, bana, bara, bara waccan, na kasa gano ranar ƙarshe da na ga ko guda. Halitta sukutum ta ɓace daga saman garin nan, ni kuma da ake ba albashi don in lura ban lura ba. Tsigar jikina ta tashi a cikin zafin nan na Yola.

A nan na samu abin da zan rubuta kundina a kai. Faɗa da baki ya fi sauƙi. Wata uku ina yawo daga wannan mayanka zuwa waccan, Jimeta, cikin Yola, kasuwannin ƙauye, mahauta suna yi mini dariya. Wani dattijo a cikinsu ya goge wuƙa a cinyarsa ya ce, "Madam, kin makara. Kan ungulu yanzu ya fi kan rago daraja. Masu magani suna zuwa daga nesa, har ƙwai da sheƙa suna kwashewa." Na tambaye shi yadda ake kama su. Ya ce babu wahala, guba ake barbaɗa wa nama a koma gefe a jira.

Dakta ya daɗe yana kallona ina ramewa. Ran nan bayan lacca ya tsayar da ni a gindin dalbejiya, ya duba hagu da dama kamar mai tallan kayan sata. Ya ce yana da bappa, ƙanen mahaifinsa, wanda ke zaune da 'yan shanunsa can bayan Ngurore, kuma akwai ungulaye a wurinsa.

"Amma Madam, sharaɗi biyu. Kada ki je da motar ofis. Kuma kada wurin ya fita daga bakinki."

Raina ya sosu. Na ce, "Haba Dakta, ni za ka koya wa wannan? Ni fa nake koya wa sababbin masu gadi cewa ba a faɗin inda dabba take kwana."

Ya ce, "Na sani. Na dai faɗa ne."

Wata Laraba motar haya ta sauke ni a bakin titi, na yi tafiyar kusan awa guda a ƙasa, cikin gonakin da aka riga aka girbe. Rana ta take tsaka na isa. Shirun wurin na fara lura da shi. Daji ko da tsakar rana ba ya rasa kukan kurciya ko na gyare, amma nan babu. Sai na ga maɗatai uku manya, gindinsu fari fat da kashin tsuntsu kamar an shafa musu farar ƙasa. Na ɗaga kai. Suna zaune a kan rassa, sun noƙe wuya, kuma dukkansu ni suke kallo. Babu wadda ta tashi, babu wadda ta motsa fiffike. Na matsa dama, kawunan suka biyo ni gaba ɗaya. A lokacin na tuna ban gaya wa kowa a gida inda zan je ba.

"Malama, ka iso? Sauke hannu. Ba a nuna su da yatsa."

Ban ma san na ɗaga hannun ba. Bappa ne, tsoho dogo siriri, sanda a kafaɗa, ban ji tahowarsa ba sam. Hausarsa irin ta tsofaffin Yola ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Ya kai ni inuwar bukka, matarsa ta kawo mini kindirmo a ƙwarya, sai da na sha na huta sannan ya nuna mini wani falalen dutse can bayan bishiyoyin. Ya ce tun zamanin mahaifinsa, duk dabbar da ta mutu a rugar nan can ake jan ta, haka ma mahaifar saniya in ta haihu. Kafin la'asar sai ƙashi.

"Su suna share mana wuri. Mu ba mu san warin mushe ba a nan."

Na ciro littafi da madubin hangen nesa. Ya ce me zan yi. Na ce zan ƙirga su.

"A'a. Ba a ƙirga mai rai. Shanuna ban taɓa ƙirgawa ba. In ɗaya babu, ina sani."

Kuma da gaske ya san tsuntsayen nan ɗaya bayan ɗaya. Da haɓa yake nuna mini su: ga mai farar ƙeya, ga mafaɗaciya, ga gurguwar da tarko ya taɓa cinye wa yatsu biyu. Na ce to, na mayar da littafin jaka. Amma ni 'yar boko ce, kuma ƙirga ce ta kawo ni. Na ƙirga a zuci, na samu goma sha bakwai. Ina sauke ido muka haɗa ido da shi.

"Ka ƙirga," ya ce.

Na ce ban ƙirga ba.

Daga nan kowace Laraba ina can, har tsawon rani guda. Na samu sheƙa huɗu, biyu da ƙwai. Na koyi zama shiru a gindin itace har ƙafata ta yi tsami. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. In na ƙirga da ido, goma sha bakwai ne, ko yau ko gobe. In na ɗauki hoto na koma gida na buɗe a kwamfuta, goma sha shida. Na ce reshe ne ke ɓoye guda. Na ɗauka ta gabas, na ɗauka ta yamma, na ja baya har bishiyoyin uku suka shiga hoto ɗaya. Goma sha shida. Na ɗora hotunan kusa da juna ina neman wacece ba ta fitowa, sai in ga duk wadda na sani tana nan, har gurguwar. A kundin goma sha shida na rubuta, tun da su ne zan iya nuna wa mutane.

Bappa kuwa aiki yake yi da su. In da safe suka bar maɗatai suka koma kan ƙaramar tsamiyar da ke kusa da garke, suka tsura wa wata saniya ido, sai ya ware ta ya aika a kira Dakta. Na rubuta wannan a littafina da alamar tambaya, sai ga shi sau biyu na gani da idona. Ilimi yana da amsarsa: saniyar da ciwo ya fara kamawa takan ja baya, ta sunkuyar da kai, su kuma idonsu ya fi namu. Na gamsu da wannan amsa har ranar da abin ya zo kaina.

Na yi sallama na kama hanya, ina tsakiyar gonaki sai inuwa ta gifta gabana. Wata ta sake giftawa. Na ɗaga kai, ga su can sama suna jewa a saitina, babu ƙara ko ta fiffike. Na tsaya, da'irar ta tsaya. Na ci gaba, ta biyo ni. Haka suka raka ni har bakin kwalta. Tun ina yarinya nake jin ana cewa ungulu ba ta jewar banza, ban taɓa tsanar karin maganar nan ba sai ranar. Gari na wayewa na tafi asibiti, aka ɗebi jinina, aka auna abin da ake aunawa, aka ce babu komai sai hawan jinina na dā. Laraba ta gaba na ba Bappa labari ina dariya. Shi bai yi ba.

"Ba ciwo kaɗai suna gani ba," ya ce.

Na tambaye shi me kuma suke gani. Ya tashi ya tafi wajen maruƙansa.

Duk da haka na so su, kuma ba na jin kunyar faɗi. Ni da na girma ina jifansu, na wayi gari ina ɗokin Laraba. Ranar da ƙwan farko ya ƙyanƙyashe, na ga ɗan kai sanƙo yana leƙowa daga sheƙa, sai da na yi ƙwalla. Bappa ya gani ya kau da kai, ya ce wa matarsa da Fulatanci ta ƙaro mini kindirmo.

A ka'idar kundi, babi na uku shi ne bayanin wurin da aka yi bincike, da taswirarsa, da lambobin nan da na'ura ke bayarwa, waɗanda in ka sa su a waya za su kai ka har gindin bishiya. Ni na rubuta "wani wuri a yammacin Yola" na tsaya nan. Farfesa ya yarda, ya ce ma haka ya dace. Taswirar kam na zana ta, don aikina ne in zana, amma na ajiye ta can ƙarshen fayil, ni kaɗai na san tana nan.

Ranar kare kundi ɗakin ya cika. 'Yan ajinmu, da ɗaliban da ke bayanmu, da malamai, har da ƙaramin ma'aikacin nan na ofishinmu da ke hangen kujerar da nake hange, wai ya zo taya ni murna. Farfesa yana gefe, doka ba ta ba shi damar sa baki ba. Mai jarrabawa baƙo ne daga wata jami'a, gajere mai sanyin murya. Ya bar ni na gama bayanina tsaf, sannan ya buɗe babi na uku.

"Madam, ina taswira?"

Na yi masa bayanin dalili.

"Na san wannan dalilin, ni ma ina koyar da shi. Amma an daɗe ba a ga ungulu a yankin nan ba, sai ke kika samu goma sha shida a wurin da ba shi da suna. Hoto kuwa ana samunsa a intanet. Ta yaya zan san ba a falonki kika zauna kika rubuta wannan ba?"

Aka yi 'yar dariya. Ba mai yawa ba ce, amma na tsinci muryar yaron ofishinmu a ciki.

Mutumin nan yana da gaskiyar tambaya, kuma akwai amsa mai sauƙi. Da na ce masa in an tashi zan nuna masa shi kaɗai a ofis, da an wuce wurin. Wannan amsar ta zo mini, amma sai da nake cikin keke a hanyar gida. A lokacin babu abin da nake ji sai zafi yana hawa mini ƙeya. Rani guda ina taka sayyada cikin rana, ƙafata ta faffashe, a tsaya gaban yara a ce a falo na zauna? Na danna kwamfutar har ƙarshen fayil. Taswirar ta fito a bango, babba, da hanyar da ta tashi daga titi, da jajayen ɗigo uku, da lambobin a ƙasa.

Na ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe. In akwai ƙafa a je a gani."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Kuma cikin tafin na ga wayoyi suna tashi sama, don ɗaliban yanzu ba sa rubutu, duk abin da ya fito a bango hoto suke ɗauka. Ban jin taswirar ta yi minti guda a bangon kafin hankalina ya dawo na kashe ta. Na duba bencin baya. Dakta bai tafa ba. Ya tattara takardunsa a hankali ya fita.

Na ci jarrabawa, har mai jarrabawar ya miƙo mini hannu. Da yamma malamin sakandaren nan, bawan Allah mai zuciya ɗaya, ya saka hoton taswirar a zauren ajinmu na waya, ya rubuta cewa ungulu na nan da ranta a Adamawa, a jinjina wa Madam. Na kira shi ina ihu, ya goge nan take yana ba ni haƙuri. Amma magana zarar bunu ce. Kafin ya goge, wasu sun riga sun tura wa wasu, su ma don murna.

Kamata ya yi gari na wayewa in kama hanyar Ngurore in gaya wa Bappa abin da na yi, ya san irin baƙin da zai sa wa ido. Ban je ba. Na ce wa kaina gyaran kundi ne ya riƙe ni, alhali tsoron idon tsohon nake. Na kira Dakta ya fi sau goma, bai ɗauka ba, ashe an tura shi aikin allurar shanu can wani yanki mai nisa. Laraba uku suka wuce ina zaune a Jimeta.

Wata Lahadi da safe ina shirin coci na ji hayaniyar yara a tsakar gida. Na fito da ɗankwali a hannu. Ungulu ce zaune a kan tankin ruwanmu, a tsakiyar Nassarawo, inda rabon da a ga irinta har an manta. Yaran suna tambaya wane irin tsuntsu ne wannan. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana a'uzubillahi, matar ƙanena ta ce a kawo gishiri a watsa. Ni ƙafar tsuntsuwar na duba. Yatsu biyu babu.

Ba ta kula yaran ba, ko da ɗaya ya jefa mata dutse. Ƙofar ɗakina take kallo, in na gusa kanta ya gusa. Ban je cocin ba. Na zauna a dakali, ita tana sama ni ina ƙasa, har rana ta take tsaka. Sannan ta buɗe fiffike ta tashi, kuma ba yamma ta nufa ba inda maɗatan suke, ƙetaren kogi ta yi.

Litinin da sassafe na tafi. Tun ina cikin gonaki wari ya tare ni, irin wanda ke mannewa a maƙogwaro. Da na ƙarasa sai na ji wurin ya cika da ƙara, kuma ta ƙuda ce. Maɗatan uku suna tsaye babu komai a kansu. An kafa turaku a jikin guda an hau, an zazzago sheƙunan, kiraren suna warwatse a ƙasa. Na ɗaga kai na daɗe ina duba rassan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda ba ta yarda da idonta ba.

Bappa yana zaune a bakin bukka. Ya amsa gaisuwata yadda ya saba, ya tambayi gida, ya tambayi aiki. Sannan ya ba ni labari, da murya ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Mutum biyu ne suka zo a kan mashin, masu tsabta, ɗaya har da tabarau. Suka nuna masa hoto a waya, ga taswira a bango, ga ni tsaye a gefenta. Suka ce ni na aiko su daga makaranta, wai wata cuta ce ke tahowa mai kashe tsuntsaye, za su ba su rigakafi a cikin nama.

"Na ga fuskanka a ciki, na ce to. Na ba su akuya. Ni na yanka da hannuna. Ni na nuna musu dutse."

Suka ce ya janye shanunsa nesa, maganin yana da ƙarfi. Da ya dawo da yamma ya tarar da su a zube kewaye da dutsen, babu kai ko ɗaya. Ya tara su ya ƙone don kada karnuka su ci.

Na ce, "Bappa, ban aiko kowa ba. Amma ni na nuna wurin. Ni na nuna, da hannuna, a gaban mutane."

"Na sani. Ɗana ya zo shekaranjiya, ya faɗa mini." Dakta yake nufi. Ya kaɗa ƙuda daga fuskarsa. "An ba ka takardan?"

"An ba ni."

"To, madalla."

Da ya ɗauki sandar nan ya rafka mini, da na fi jin sauƙi. Takardar kuwa ta yi aikinta. Kafin damina ta ƙare aka ba ni kujerar, ina kanta har yau, kuma babu taswirar da ke fita daga sashena sai na gani. Mutane suna cewa na cika tsanani, ni kuma ba na yi musu bayani.

Amma ran nan ba a gama ba. Na tambaye shi warin me nake ji, tun da ya ce ya ƙone su. Ya tashi ya ce in biyo shi.

Karsana ce a kan falalen dutsen, ta kumbura, ƙafafu sun miƙe. Kwana huɗu da mutuwarta. Ya ce da ta faɗi bai yi wani tunani ba, ya ɗaura mata igiya bijimi ya ja ta zuwa dutse, yadda aka saba. Sai da ya koma inuwa ya zauna jira sannan ya tuna. Duk da haka ya bar ta, ya ce ko wasu baƙi za su hango daga nesa su sauko. Babu abin da ya sauko. 'Ya'yansa sun tafi cin rani da babban garke, matarsa kuma warin ya hana ta cin abinci.

"Malama, a makarantanku an koya muku zurfin ramin saniya? Ni ban taɓa binnewa ba. Babana ma bai taɓa ba."

Na dube shi ina neman gatse a fuskarsa, ban samu ba. Tambaya yake yi tsakaninsa da Allah, don ni ce mai ilimin. Na ce ba a koya mana ba, amma mu yi zurfin da kare ba zai tono ba.

Fartanya ɗaya gare shi da wani tsohon gatari. Na tuɓe takalmi, na ɗaure zani a ƙugu, na ɗaura ɗankwalina a hanci. Ƙasar bazara ce, ta bushe kamar daɓe. Shi yana sara da gatari, ni ina kwashewa da fartanya, in ya gaji mu canza. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ya je ya yi salla ya dawo muka ci gaba. Abin da na lura shi ne, duk saran da zai yi biyar ko shida sai ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi sama. Ina cikin jin haushin hakan na kama kaina ni ma ina yi.

La'asar ta yi sanyi kafin ramin ya kai mini ƙirji. Bijimin ya ƙi matsowa kusa da warin, sai mu biyu muka kama igiyar muka ja, tana tafiya taku ɗaya tana tsayawa. Da ta faɗa ramin cikinta ya fashe, na koma gefe na yi amai har sai da babu abin da ya rage. Shi ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, bakinsa yana motsi, ban san ko addu'a yake ba ko sunanta yake kira. Muka mayar da ƙasa, muka ɗora ƙaya da duwatsu.

Ya raka ni har ƙarshen gonar farko, abin da bai taɓa yi ba. Na tsaya ina neman kalmar da zan ba shi haƙuri da ita, duk wadda ta zo sai in ji ta yi kaɗan. Shi ya riga ni magana. Ya dubi hannuwana da suka farfashe, ya dubi nasa.

"In za ka sake zuwa, ka kawo mini shebur daga Jimeta," ya ce. "Fartanya ba zai iya wannan aiki kullum ba."